Yadda Ake Karatun Maikuro a Shekarar Farko ta Jami'a

Duk wanda ya samu gurbi a sashen tattalin arziki, ko akanta, ko harkokin kasuwanci, da wannan kwas zai fara cin karo. A yawancin jami'o'in Najeriya lambarsa ECO 101, ɗalibai kuma suna ce masa maikuro. Shi ne ɓangaren da ke duba yadda mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ko kamfani ɗaya ke yanke shawarar saye da sayarwa, da yadda farashi ke tsayawa a kasuwar kaya guda. Zancen darajar naira, rashin aikin yi da hauhawar farashi a ƙasa baki ɗaya, wannan na makuro ne, sai an shiga zango na biyu.

Na daɗe ina yi wa 'yan aji ɗaya bitar wannan kwas, kuma abin da ke kayar da su bai cika canzawa ba, wato hadda. Ɗalibi ya ci tattalin arziki a WAEC ta hanyar haddace ma'anoni da jerin dalilai, sai ya taho jami'a da wannan dabarar. Ranar jarrabawa a ce ya zana abin da zai faru da farashin albasa idan kuɗin mota ya tashi, ya laluba kansa ya ga babu wannan cikin abin da ya haddace. Maikuro da hannu ake koyonsa, da fensir da takarda. Ba a zama tela da kallon tela.

Kayan aiki

Ka tanadi littattafan rubutu biyu. Ɗaya na shiga lacca ne. Na biyun na aiki ne zalla, zane da lissafi, kuma shi ya kamata ya riga cika. Idan ka samu mai layukan murabba'i irin na zanen giraf ya fi, idan babu, kowane littafi ya isa muddin kana da rula. Sai fensir, magogi, da biro kala biyu: shuɗi don layin farko, ja don layin da ya matsa. Wannan ɗan bambancin kala yana hana ruɗewa fiye da yadda kake zato.

Ka sayi kalkuleta ta kimiyya tun makon farko, ka saba da ita. Kada ka dogara da ta waya, domin ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Sai littafin karatu guda ɗaya, wanda malaminku ya ambata. Guda ɗaya na ce. Tara littattafai huɗu a waya ba ya ƙara komai sai ruɗani, domin kowane marubuci da haruffan da yake amfani da su da tsarin babukansa. Idan littafin ya yi tsada kuma babu shi a laburare, akwai littafin maikuro na OpenStax, wanda jami'ar Rice ta Amurka ke bayarwa kyauta a intanet, a sauke shi sau ɗaya a karanta ba tare da data ba. Jami'ar MIT ma ta saki laccocin kwas ɗinta mai lamba 14.01 kyauta, sai dai lissafinsa ya fi namu na aji ɗaya nauyi, don haka ka bar shi sai ka tsaya da ƙafafunka. Handawut ɗin malami taƙaitawa ce ta abin da zai faɗa, ba ta maye gurbin littafi.

Abu biyu na ƙarshe: takardar tsarin kwas, wadda ke jera darussan zangon, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Na biyun za ka same su wajen 'yan aji biyu ko masu fotokofi na tsangayarku.

Mataki na 1: Gyara lissafinka kafin a yi nisa

Lissafin da ake bukata a wannan kwas bai wuce na sakandare ba, amma dole ya zauna a hannunka. Abu huɗu ne: warware jumlar lissafi mai harafi ɗaya, warware jumla biyu a tare, fitar da kashi cikin ɗari, da gane gangarar layi, wato nawa ya hau ko ya sauka idan ka matsa taku ɗaya zuwa dama. Ƙara da faɗin alwatika, rabin gindi sau tsawo, domin zai dawo a darasin haraji.

Gwada kanka: idan 100 − 2P = 10 + 4P, nawa ne P? Idan ka samu 15 cikin minti ɗaya, wuce mataki na gaba. Idan ka tsaya, kada ka ji kunya, ɗauko littafin lissafinka na SS 2 ka ba shi mako guda, awa ɗaya kullum. Ɗalibai da yawa da suka fito daga ajin arts ko kasuwanci suna tsammanin tattalin arzikin ne ya gagare su, alhali aljabara ce ta tare musu hanya. Wasu malaman suna taɓa kalkulas kaɗan a ƙarshen zango. Duba tsarin kwas ɗin, idan yana ciki, ƙa'ida ɗaya ta bambancewa, wato differentiation, ce za ka koya, kuma ana koyar da ita a kwas ɗin lissafin da ke tafiya tare da wannan.

Mataki na 2: Tsara makonka a kan lacca

Kowane darasi ka taɓa shi sau uku. Kafin lacca, karanta babin da sauri, minti ashirin, ka duba kanun da zanukan kawai. A cikin lacca, kada ka yi ƙoƙarin rubuta duk maganar malami. Zanen da ya yi a allo shi za ka kwafa da kyau, tare da tsarin da ya bi: wane layi ya fara zanawa, wanne ya matsar, me ya ce ya jawo. A daren ranar kuwa, rufe littafin lacca ka sake zana komai a littafin aiki daga kanka, sannan ka buɗe ka kwatanta.

Ajin ɗaya yakan cika maƙil, wani lokaci ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki guda, lasifika kuma ba kullum take aiki ba. Ka zo da wuri ka samu gaba. Idan abin ya gagara, ka haɗa kai da wanda ke zama gaba ya ɗauko maka hoton allo, amma ka zana shi da hannunka a ranar. Hoton da ke kwance a waya bai shiga kanka ba.

Tun da da Turanci za a yi jarrabawar, ware shafukan ƙarshe na littafin aikinka ka raba su biyu: kalmar Turanci a hagu, bayaninta da Hausarka a dama, da misali ɗaya daga kasuwar garinku. Wanda ka kasa bayyanawa da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna.

Mataki na 3: Makon farko, ƙaranci da zaɓi

Za a fara da ma'anar da Lionel Robbins ya bayar a 1932, wadda kowa ya haddace tun sakandare: buƙatu ba su ƙarewa, abin biyan su kuwa taƙaitacce ne. Kada ka ɓata lokaci a nan. Abin riƙewa ɗaya ne, ainihin tsadar kowane zaɓi ita ce mafi kyawun abin da ka bari domin shi. Tsadar karatunka na jami'a ba kuɗin rajista da haya kaɗai ba ce, har da abin da da ka samu in da ka zauna a shagon yayanka shekarun nan huɗu. Manomin da ya shuka masara a gonarsa ya biya da geron da bai shuka ba. Ka koyi zana layin iyakar abin da za a iya samarwa, ka san ma'anar ɗigon da ke cikinsa, da na kansa, da na wajensa, shi ke nan.

Mataki na 4: Buƙata da samarwa, inda za ka fi daɗewa

Wannan shi ne ƙashin bayan kwas ɗin. Wanda ya riƙe shi sauran zai zo masa da sauƙi, wanda ya sake shi zai yi ta jan ƙafa har jarrabawa.

Fara da zanen kansa. Farashi, P, a gefen tsaye. Adadi, Q, a gefen kwance. Masu lissafi za su ce an juya abin, amma haka aka gada daga Alfred Marshall na jami'ar Kambirij a Ingila tun littafinsa na 1890, kuma haka malaminka ke jira. Layin buƙata yana gangarowa daga hagu zuwa dama, domin in kaya ya yi araha an fi saye. Layin samarwa yana hawa, domin in farashi ya yi kyau masu kaya sun fi kawowa. Inda suka haɗu nan ne daidaito. Ka sa wa komai suna: gefuna biyu, layuka biyu, da ɗigon haɗuwa. Zanen da babu sunaye ba ya samun maki ko da daidai ne.

Yanzu ga kuskuren da ya fi kowanne cin maki. Akwai tafiya a kan layi, akwai matsawar layin gaba ɗaya. Idan farashin kayan da kansa ne ya canza, a kan layin kake tafiya, layin bai motsa ba. Idan wani abu dabam ne ya canza, kamar kuɗin shigar masu saye, farashin kayan da ke maye gurbinsa, yawan jama'a, kuɗin taki, ko yanayin damina, layin ne ke matsawa dungurungum. Ma'anar ceteris paribus ɗin da za ka ji malami yana maimaitawa ke nan: a kan layi guda, komai yana nan yadda yake sai farashi.

Kowace tambaya ta irin wannan, tambayoyi uku za ka yi wa kanka a jere. Abin da ya faru, masu saye ya shafa ko masu kawo kaya? Layinsu dama zai yi ko hagu? To a sabuwar mahaɗa, me ya samu farashi, me ya samu adadi? Ka gwada da abubuwan da ka gani da idonka:

Lokacin kaka, sabon gero da masara sun cika kasuwar Dawanau. Masu kawo kaya abin ya shafa, layin samarwa ya yi dama, farashi ya sauka, adadin da ake saye ya ƙaru. Lura da kyau, layin buƙata bai motsa ba. Mutane sun ƙara saye ne saboda araha, tafiya ce a kan layi.

A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir, ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabta. Layin samarwa ya yi hagu, farashi ya yi tashin gwauron zabi, adadi ya ragu. Sannan ka zana kasuwa ta biyu a gefe, ta tumatirin gwangwani. A can layin buƙata ne ya yi dama, domin masu miya sun koma kansa.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Zana kasuwar shinkafar waje, sannan ta shinkafar gida, ka ga wane layi ne ya motsa a kowace. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zana kasuwar hayar adaidaita sahu: mai yana cikin kuɗin da direba ke kashewa, don haka layin samarwa ne ya yi hagu.

Sai mai wuyar, inda layuka biyu suka matsa tare. Gab da babbar Sallah buƙatar raguna tana ƙaruwa, dillalai kuma suna kwararo da dabbobi daga ƙauyuka da Nijar. Duka layukan sun yi dama. Adadi tabbas ya ƙaru, amma farashi ya danganta da wanda ya fi matsawa. Idan aka yi maka irin wannan tambaya, amsar daidai ita ce ka faɗi wanda aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba, ka nuna da zane biyu. Ɗalibai sukan zana ɗaya kawai su yanke hukunci daga yadda hannunsu ya faɗa.

Bayan zane sai lissafi. Qd shi ne adadin da masu saye ke so, Qs kuma adadin da masu kaya ke kawowa. A ce Qd = 100 − 2P, Qs = 10 + 4P. A daidaito su biyun ɗaya ne, don haka 90 = 6P, P = 15. Mayar da 15 cikin kowace jumla, Q = 70. Kullum ka mayar cikin duka biyun, in ba su ba da amsa ɗaya ba ka san akwai kuskure tun kafin malami ya gani.

Da wannan misalin za ka koyi ƙayyade farashi. Idan gwamnati ta ce kada a sayar sama da 10, masu saye suna son 80, masu kaya 50 za su kawo, an samu ƙarancin 30. Duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai lokacin da farashin lita yake a ƙayyade, yana kallon 'yan bumburutu suna sayarwa a galan a bakin titi, ya riga ya san wannan darasin. Abin da ya rage ya iya zana shi. Ka kiyaye: rufin farashi yana aiki ne idan yana ƙasa da daidaito, mafi ƙarancin farashi kuma, kamar mafi ƙarancin albashi, idan yana sama. Ana yawan juya su.

Haraji kuma haka ake yinsa. A ce an sa wa mai sayarwa harajin 3 a kan kowane guda. Abin da ke shiga aljihunsa P − 3 ne, don haka Qs = 10 + 4(P − 3). Warware, za ka samu P = 17, Q = 66. Mai saye ya ƙara 2 a kan 15 ɗin da yake biya, mai sayarwa ya koma karɓar 14, ya yi asarar 1. Gwamnati ta tara 3 sau 66, wato 198. Cinikin guda 4 da ya mutu ya bar alwatikar asara mai faɗin 6. Ka lura, a hannun mai sayarwa aka karɓi harajin amma mai saye ne ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Dalilin haka yana mataki na gaba.

Mataki na 5: Ilastisiti

Tambayar da yake amsawa ita ce, in farashi ya motsa, yaya ƙarfin martanin masu saye? Ana raba kashin canjin adadi da kashin canjin farashi. Kashi cikin ɗari, ba naira da kwano ba. A nan ne kuskure na farko yake.

Misali, kwanon wake ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,200, mai shago da ke sayar da kwano 50 a rana ya koma 45. Farashi ya hau da kashi 20, adadi ya sauka da kashi 10. Raba 10 da 20, ka samu 0.5. Ƙasa da 1 ke nan, martanin mai rauni ne. Duba cinikinsa: da 50,000 yake tarawa, yanzu 54,000. Ƙa'idar ke nan da ba sai ka haddace ba in ka lissafa ta sau biyu da kanka: in amsa tana ƙasa da 1, ƙarin farashi yana ƙara kuɗin ciniki, in tana sama da 1 yana rage shi.

Akwai hanya ta biyu da ake raba canjin da matsakaicin lambobi biyun, da ita wannan misalin zai ba da kusan 0.58. Dukkansu daidai ne, amma ka tambayi malaminku wacce yake so, ka tsaya a kanta. Alamar ragi da ke fitowa a amsar buƙata ma ka tambaya, wasu suna son a bar ta, wasu a cire. A ilastisitin kuɗin shiga da na kaya biyu kuwa kada ka kuskura ka jefar da alamar, ita ce amsar: ita ke nuna ko kayan biyu suna maye gurbin juna ne, kamar shinkafa da taliya, ko tare suke tafiya, kamar babur da fetur.

Abin da ke sa martani ya yi ƙarfi ko rauni, tunani ne ba hadda ba. Gishiri ba shi da madadi kuma kuɗinsa kaɗan ne, ko ya ninka za a saya. Lemon kwalba na wani kamfani yana da madadi da yawa. Lokaci ma yana da tasiri: a makon da fetur ya tashi mai mota ba shi da yadda zai yi, bayan shekara ka ga ya koma babur ko ya sa wa shagonsa sola. A haraji kuwa, ɓangaren da ba shi da wurin gudu shi ke ɗaukar kaso mafi girma.

Mataki na 6: Mai saye

Wannan babin gajere ne in ka kama zarensa. Kofin ruwa na farko bayan shan ruwa da azumi ba daidai yake da na huɗu ba, gamsuwar kowane ƙari tana raguwa. Mai saye yana kai wa matuƙa ne idan nairar ƙarshe da ya kashe a kan kowane kaya ta ba shi gamsuwa iri ɗaya, wato MUx/Px = MUy/Py, inda MU ke nufin gamsuwar ƙari na ƙarshe, x da y kuma kayan biyu. Ka iya zana layin kasafi: raba kuɗin da ke hannu da farashin kowane kaya, ka samu ƙarshensa biyu. In kuɗin hannu ya canza, layin yana matsawa gaba ɗaya. In farashin kaya ɗaya ne ya canza, ƙarshe ɗaya ne ke motsi, ɗayan yana nan a kafe.

Mataki na 7: Kuɗin samarwa, da jadawali

A nan haruffa ke yawa, TC, FC, VC, AC, MC, MR, kuma a nan ɗalibai ke sarewa. Maganinsa jadawali. Kada ka kalli zanen layukan sai ka cika jadawali da hannunka.

Ɗauki tela. Hayar shago da keke suna cin naira 6,000 a rana ko ya ɗinka ko bai ɗinka ba, wannan shi ne FC. Kuɗin da ke ƙaruwa da yawan riguna, kamar na zare, shi ne VC. Jimlar abin da yake kashewa, TC, a ce haka take: riga ɗaya 9,000, biyu 11,000, uku 14,000, huɗu 18,000, biyar 24,000, shida 32,000. MC shi ne abin da rigar ƙarshe ta ƙara: 3,000, 2,000, 3,000, 4,000, 6,000, 8,000. Yana hawa ne domin keke ɗaya ne, shago ɗaya, ƙarin aiki sai da ƙarin yara da janareto da dare.

A ce ana biyansa 5,000 kowace riga, abin da kowace ƙarin riga ke kawowa ke nan, wato MR. Nawa zai ɗinka? Riga ta huɗu ta ci 4,000 ta kawo 5,000, a ɗinka. Ta biyar za ta ci 6,000 ta kawo 5,000, a bari. Huɗu ke nan. Tabbatar: a huɗu ya tara 20,000 ya kashe 18,000, riba 2,000. A uku riba 1,000, a biyar ma 1,000. Ƙa'idar MR = MC da za ka gani a kowane babi daga nan har ƙarshe, wannan ce, ba wata ba.

Yanzu sauke farashin zuwa 3,500. Zai ɗinka uku, ya tara 10,500, ya kashe 14,000, asara 3,500. Ya rufe shago? A'a, domin in ya rufe zai yi asarar 6,000 ta haya. Muddin ciniki yana biyan kuɗin zare da yara har ya rage wani abu, ci gaba ya fi a gajeren lokaci. In abin ya ɗore har lokacin sabunta haya ya zo, nan ne zai bar sana'ar. Wannan tambaya tana yawan fitowa, kuma masu hadda ba su cika tsallake ta ba.

Sai ka fitar da AC, wato TC a raba da adadi, ka ɗiga duka a takarda. Za ka ga da idonka MC ya ratsa AC a daidai inda AC ya fi ƙasa. In zanenka na jarrabawa bai nuna haka ba, goge ka sake.

Mataki na 8: Ire-iren kasuwa

Huɗu ne, kuma tambaya ɗaya ke raba su: mai kaya yana da iko a kan farashi? A cikakkiyar gasa ba shi da shi. Manomin da ya kai buhu goma na masara kasuwa farashin ranar zai karɓa, don haka a wurinsa P da MR ɗaya ne. Mai babakere shi kaɗai ne a kasuwa, kamar kamfanin rarraba wutar lantarki a yankinsa, KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, shi ya sa hukuma ke sa ido a kan farashinsa. Tsakaninsu akwai masu sayarwa da yawa da kayansu ya ɗan bambanta, kamar gidajen abinci da masu gidan burodi, sai kuma kasuwar 'yan tsiraru, kamar siminti a hannun Dangote, BUA da Lafarge, ko layukan waya, inda kowa ke duban abin da ɗan'uwansa zai yi kafin ya motsa.

A lissafin babakere akwai rami. A ce P = 50 − 2Q, MC = 10. In layin buƙata miƙaƙƙe ne, MR yana gangara ninki biyu, wato 50 − 4Q. Daidaita da 10, Q = 10. Farashin fa? Ba 10 ba ne. Koma layin buƙata: 50 − 20, P = 30. A zane, daga mahaɗar MR da MC ka hau sama har ka taɓa layin buƙata, sannan ka karanta farashi. Rabin aji sukan tsaya a mahaɗar.

Mataki na 9: Bita da jarrabawa

Ka kafa rukunin bita na mutum uku ko huɗu, kada ya wuce haka, in ya yi yawa hira yake zama. Kowa ya tashi ya zana a allo ko a takarda yana bayani da baki, sauran su yi masa tambaya. Tutoriyal ɗin da manyan ɗalibai da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa yana da amfani, amma ka je da tambayoyin da ka riga ka gwada, kada ka je a sake yi maka lacca.

Kada ka raina gwajin tsakiyar zango. Yakan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100, A kuma daga 70 take farawa. Wanda ya zubar da rabin wannan makin ya sa wa kansa dutse tun kafin jarrabawa.

Tambayoyin baya ka fara su saura mako huɗu, ba saura kwana biyu ba. Yi su da agogo, littafi a rufe. Wanda ka faɗi, rubuta dalili a gefe: lissafi ne, ko layin da bai dace ba ka matsar, ko tambayar ce ba ka karanta da kyau ba. Bayan takarda uku za ka ga kuskurenka iri ɗaya ne yake maimaituwa, shi za ka bi. Amsoshin da ake sayarwa tare da tambayoyin ɗalibai ne suka rubuta su, akwai kurakurai a ciki, ka auna su da littafi.

In jarrabawarku ta kwamfuta ce mai zaɓi huɗu, ka nemi takardar gwaji in ana bayarwa, ka yi ƙaramin zane kafin ka taɓa amsa, domin zaɓuɓɓukan da gangan ake sa su yi kama da juna. In ta rubutu ce, karanta duka tambayoyin tukuna, fara da wadda ka fi iyawa, ka raba lokaci gwargwadon makin kowace. Zanenka ya kai kusan rabin shafi, da fensir da rula, kibiya tana nuna inda layi ya matsa, sannan jumla biyu ko uku a ƙasa suna faɗin abin da ya faru da farashi da adadi. A lissafi ka nuna kowane mataki, domin mai maki yana ba da rabo a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce, kuma ka rubuta naira ko kwano ko buhu a gefen amsar in tambayar ta ambace su.